Gona ta Ɗari Biyu da Sha Huɗu

Ranar Laraba bayan la'asar na hau kabu-kabu daga Maraɗi zuwa Madarumfa don in auna gona ɗaya. Ɗaya tak. Raina a ɓace yake tun daga tasha. Mai babur ɗin ya gwada ja na da hira sau biyu, ya ga ba fuska, ya kama bakinsa har muka iso.

Sunana Shu'aibu. A lokacin ina shekara ta uku, ta ƙarshe, a lisans, wato digirin farko, na ilimin kwamfuta, abin da muke kira enformatik. Ba a ba ka takardar sai ka gina wani abu da hannunka, ka tsaya gaban malamai uku ka kare shi. Wannan ranar ita ce sutnans, kuma tawa ta faɗo Litinin. 'Yan ajinmu masu wayo sun yi manhajar kantin magani ko ta jerin sunayen 'yan lakkwal, wato 'yan makaranta, suna zaune a inuwa suna shan shayi. Ni kuwa, da yake na fi kowa ɗaukar abu da zafi, na ce sai na yi abin da zai amfani garinmu. Kowace damina sai an yi rikicin iyaka a Madarumfa, wa da ƙane su daina gaisawa saboda kunya biyu ta gero. Na ce zan gina manhajar da za ta riƙe wa kowa iyakar gonarsa.

Aikinta ba wuya. Ka riƙe salula ka bi gefen gona. Duk kusurwar da ka kai, ka danna inda na rubuta "Buga turke", salular ta ajiye daidai wurin da kake tsaye. In ka zagayo inda ka faro, ka danna "Rufe", sai gonar ta fito a taswira da faɗinta da sunan mai ita. Wata takwas na yi ina wannan zagaye. Gona ɗari biyu da sha uku na taka da ƙafata. Kunama ta harbe ni, karnuka sun bi ni, takalmi biyu suka ƙare. Ladan da na samu a gari shi ne suna. Duk majalisar da na gifta sai in ji an ce, "Ga injiniyan latse-latse nan."

Na haɗiye. Na ce ranar da na riƙo takardata za a ga mai dariya.

To, da safiyar Larabar nan, malamin da ke duba aikina, Mushe Abdoul Aziz, ya buɗe taswirar a ofishinsa. Bai ce sannu ba. Dama bai taɓa cewa ba. Shi ne ya sa na hana manhajar karɓar gona in ba sunan mai ita. Shi ne kuma ya sa na ƙara mata cewa duk layin iyakar da aka bari a buɗe, da zarar an kunna taswira a kwamfuta, ta haɗe shi da kanta. Duk abin da ya ce na yi, ban taɓa musu ba. Amma ranar sai ya yi ta jawo hoton, yana jawowa, yana leƙe, har ya samo wani ɗan farin tsiri a bakin tafki, tsakanin gonar kawuna da ta maƙwabcinsa.

"Mene ne wannan?"

"Ba a noma wurin, Mushe."

"Ban tambaye ka ko ana noma shi ba. Na wane ne?"

"An ce mini in tsallake shi."

"An ce maka." Ya cire tabarau ya dube ni. "Ƙasa ba ta da rami, Shu'aibu. Ko dai wurin na wani ne, ko kai ne ka yi ƙyuya. In ka zo mini da rami ranar Litinin, ba zan sa hannu ba. Sai baɗi."

Baɗi. Haka ya faɗe ta a sauƙaƙe, yana duba agogo. Innata, Kulu, ta riga ta ɗinka atamfar da za ta sa ranar, ta kuma gaya wa duk unguwa. Shekara uku tana tsaye a kan kaskon ƙuli-ƙuli saboda wannan takarda, idonta har ya fara dishi-dishi da hayaƙi. Shi kuwa mutumin nan, ƙaya ba ta taɓa soke shi a gonar kowa ba, amma shi ne zai gaya mini yadda ƙasar garinmu take.

Ban ko biya gida ba. Na sauka a bakin gari na miƙe gonar Kawu Ɗan Baba, yayan innata. Ƙarshen damina ne, gero ya wuce kan mutum, ya fid da kai. An yi ruwa shekaranjiya, ƙasa tana ta ƙamshi, iska kuma tana kawo ƙarnin kifi da taɓo daga tafki. Masu komowa daga gona suna wuce ni da jakuna, suna gaishe ni, ina amsawa da kai. Kwaɗi sun fara.

Na iske Kawu a bakin gonar tare da maƙwabcin nasa, Ɗanladi, suna shirin tashi. Ga wurin nan a tsakaninsu. Taku ashirin ne faɗinsa, tsawonsa bai fi arba'in ba. Ciyawar gamba ce kawai, doguwa, ba wanda ya taɓa yankarta, sai wani jan suri a kusurwa. Wai saboda wannan ne zan rasa shekara.

"Kawu, wurin nan na wane ne?"

"Ba ka ko gaisuwa?"

"Ina wuni. Na wane ne?"

"Na masu shi."

"Su wa?"

"Shu'aibu, mun yi wagga magana da kai tun da rani. Na ce ka tsallake shi, ka tsallake."

Ɗanladi ya yi dariya yana kaɗe ƙasar hauyarsa. "Injiniya, ashe salular ba ta hwaɗa maka ba? Ni na aza ta san komi."

Na ji jini ya hau mini kai. Na ce musu wata takwas ina yi musu bauta kyauta don kada 'ya'yansu su sari juna a kan kunya. Na ce shekarata guda za ta salwanta saboda ciyawa. Na ce suna ɗaya nake nema, kowane iri ne, in rubuta in kama gabana.

Kawu ya rage murya. "Kakana bai nome shi ba, ubana bai nome shi ba. Ba a kiwo ciki, ba a yankan gamba, ba a ko hitsari. Ba mu taɓa su ba, ba su taɓa mu ba. Mi ya rage?"

"Sunansu."

Ya dubi rana. Ta yi ja, ta kusa taɓa kan gero. "Da almuru? Allah shi kiyaye."

Ba wai ban gane abin da yake nufi ba. A garin aka haife ni. Amma abin da ya fi ƙona mini rai da mutanenmu ke nan, har yau. Sun san abu, ba za su buɗe baki su faɗa maka shi a fili ba. Sai kewaye-kewaye, sai kallon ƙasa, sai "Allah shi kiyaye". Ni kuma ina da akwatin da ba ya karɓar "Allah shi kiyaye", suna yake so.

Na ciro salula, na buɗe sabuwar gona, ta ɗari biyu da sha huɗu. Inda ake sa sunan mai gona na rubuta nawa. Na juya musu fuskar salular su gani.

"To tunda ba mai shi, nawa ne. Ku shaida. Wurin nan nawa ne."

Ɗanladi ya daina dariya. Ya saɓa hauya ya bi hanya, ko sai an jima bai ce ba.

"Janye," in ji Kawu.

"Ba na janyewa. Nawa ne."

Ya kamo hannuna. Na fizge. Mutumin da ya sha ɗora ni a kafaɗa zuwa kasuwa, mai ciwon gwiwa, na fizge hannuna har ya yi taga-taga. Ina jin kunyar wannan har gobe. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce bari ya kira liman, ya juya yana ɗingishi. Ina jin ganyen gero yana kaɗawa a bayansa har ya ɓace.

Na tsaya jikin surin na buga turke na farko.

Kwaɗin suka yi shiru.

Ba a hankali ba. Gaba ɗaya, kamar an rufe musu ƙofa.

"Sannu da aiki, mai gona."

Wani mutum ne tsaye a bakin gambar, ya ba ni baya. Rigar noma ce a jikinsa, ta yage a kafaɗa, da hauya a saɓe. Na ɗauka ɗan ƙwadago ne daga Gabi, irin masu zuwa aikin damina. Muryarsa ƙasa-ƙasa, a dushe.

"Tunda kai ne mai shi yanzu, ya kamata a nuna maka iyaka. Haka ake yi."

Gaskiyarsa. A wurinmu in gona ta sauya hannu, tsohon mai ita ne ke shiga gaba, sabon ya bi shi, a zagaya iyaka a gaban shaidu. Har wani sanyi na ji a raina. Na ce, "Alhamdu lillahi, yau na samu mutum ɗaya mai hankali a garin nan."

Ya fara tafiya, na bi shi.

"Buga nan."

Na buga.

"Nan."

Na buga. Turke huɗu ya ishi wurin. Muka yi na biyar, muka yi na shida. A na tara na ce, "Malam, ai mun shiga gonar Kawu."

"Iyakar ke nan. Buga."

Sai a lokacin na lura. Ni ganyen gero yana marin fuskata, yana yankar hannuna, yana ƙara. Shi kuwa yana ratsawa, ko ganye ɗaya ba ya motsi. Sannan warinsa. Ba warin zufa ba ne. Warin taɓon ƙasan rijiya ne, mai sanyi, wanda rana ba ta taɓa gani ba.

Na ce bari in tsaya. Ƙafafuna suka ci gaba.

Turke na ashirin. Na talatin.

Rana tana nan inda Kawu ya bar ta, ja, a kan gero. Ba ta sauka ba ko da yatsa ɗaya. Ba tsuntsu. Ba sauro. A bakin tafki, da almuru, ba sauro ko ɗaya.

Sai na ji taku a bayana. Ba na mutum ɗaya ba. Tafin ƙafa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, caɓ, caɓ, da yawa, a jere. In na ja numfashi sai in ji su ma sun ja.

"Su wane ne?" Da kyar muryar ta fita.

"Shaidu. Kada ka waiga, ba su son kallo. Buga."

Na dubi salula. Layin ya bar bakin tafki, ya zagaye lambunan bakin ruwa, ya bi ta bayan kasuwa. Wani jan zare ne yake tafiya yana lanƙwasa, kuma gidajen Madarumfa duk suna ta cikinsa. A saman salular sandunan rezo, masu nuna ƙarfin layin waya, suka fito, ɗaya, biyu, uku. Ina kallo turakun suna tafiya ɗaya bayan ɗaya zuwa kwamfutar makaranta, yadda na tsara su yi.

Gero ya buɗe. Sai ga mu a bayan darnin gidanmu.

Ta tsakanin kara ina ganin Inna. Tana durƙushe tana hura wuta, tana share ido da gefen mayafi. Taku uku ne tsakaninmu. Ban ji ƙamshin hayaƙin ba. Ban ji ƙarar kaskon ba.

"Inna."

Ba ta ɗago ba.

"Inna!"

Wata kaza da ke tsakar gidan ce kaɗai ta juyo. Ta dube ni, ta dubi bayana, ta ruga ɗaki.

"Nan ma?" na ce.

"Nan ma. Namu ne tun ba a kahwa bukka ɗaya ba a garin ga. Aro munka ba mutanenku. Sunka yi ta ci, sunka yi ta ci, har sunka bar muna taku ishirin. Ba mu da takarda, shi ya sa. Yanzu ga mai rubutu ya zo."

"Mutanen fa?"

"Kai dai ka ruhe. Mun san yadda za mu yi da baƙi."

Muka ci gaba. Na daina ƙirga. Na jawo duk addu'ar da na iya a zuci, amma bakina ya ƙi buɗewa. Babban yatsana yana dannawa da kansa duk lokacin da aka ce buga. Ina jin wani abu mai ɗumi yana danƙo a cikin takalmina.

Sai ga surin.

Ja, a kusurwa, inda na faro.

Ya tsaya. Na tsaya. Na bayana suka matso, har ina jin sanyinsu a ƙeyata.

A fuskar salula 'yar tsaga ce ta rage tsakanin turken ƙarshe da na farko. A ƙasanta ga kalmar da na rubuta da hannuna.

Rufe.

"Danna, mai gona."

Yatsan ya ɗaga.

Da na so in ce imani ne ya cece ni, ko jarumta. Ba su ba ne. Haushi ne. Shekara uku kowa yana ba ni umarni. Mushe ya ce gyara, na gyara. Gari ya yi mini dariya, na sunkuyar da kai. Yanzu kuma wani mai warin rijiya, wanda ko fuskarsa bai iya nuna mini ba, shi zai sa in miƙa masa uwata da yatsana? Da manhajar da na yi wata takwas ina ginawa?

Na kai yatsan bakina na gartsa masa cizo.

Na ji haƙori ya taɓa ƙashi.

Hannun ya fizge ya koma kan salular. Ya danna. Ya sake dannawa. Jini ya malale gilashin. Duk mai salula ya sani, jiƙaƙƙen gilashi ba ya jin yatsa.

Bai rufu ba.

Mutumin ya fara juyowa.

A hankali. Kafaɗa tukuna. Sai gefen wuya.

Bakina ya buɗe. "A'uzu billahi," na ce, na wurga masa salular, na faɗa cikin gero.

Ganye yana yanka ta ko'ina. Caɓ, caɓ, caɓ a bayana. Wani abu ya riƙe jakar da ke bayana, mai sanyi, mai nauyi. Na zame hannuwana na bar masa ita.

Na yi tuntuɓe da kunya. Na tashi. Na sake faɗuwa.

A kan ƙafar mutum na faɗi.

"Shu'aibu?"

Kawu ne. Yana kan hanyar gari yana ɗingishi, ko gonar Ɗanladi bai wuce ba. Kwaɗi suna ta kuka, sauro ya rufe ni. Daga gari ladan ya fara kiran magariba. A wurin Kawu ko minti biyar ba a yi da rabuwarmu ba. Ya dubi ƙafafuna. Takalman sun huje, tafin ƙafar ya yi bororo ya fashe. Bai tambaye ni komai ba. Ya sa kafaɗarsa a hammatata, gurgu ya ja gurgu har gida.

Washegari na koma Maraɗi da yatsa a naɗe. Na buɗe ma'ajiyar bayanan, ba taswirar ba, don na san abin da taswirar za ta yi in ta ga layi a buɗe. Gona ta ɗari biyu da sha huɗu tana nan da sunana, turke ɗari tara da wani abu. Na goge ta, ta dawo. Na sauya sunan, ya koma nawa. Na cire layukan da ke sa manhajar ta haɗe iyaka da kanta, na ajiye, na sake buɗewa, ga su nan, har da kuskuren rubutun da na yi a cikinsu tun farko. Na jona kile ɗina, ɗan abin ajiyar da ke rataye a wuyana tun kafin in je gonar, na iske ta shiga can ma. Kwana huɗu ina wannan fama, ina zagin kwamfutar, ina zagin kaina. Ranar Lahadi na yarda da abin da nake ta gudu. Wurin nan bai samu siffa ba sai don gonakin da ke kewaye da shi. Muddin suna ciki, yana ciki.

Litinin Inna ta zo da atamfarta. Ta zauna a kujerar baya tana murmushi ga mutanen da ba ta sani ba. Na yi bayani minti ashirin da Faransanci, muryata ba ta yi rawa ba. Malamai biyu suna gyaɗa kai, ɗaya har yana rubutu. Sai Mushe Abdoul Aziz ya ce, "To, kunna taswirar mu gani. Ina fatan ka toshe ramin."

Danna ɗaya ce. Taswira ta buɗe, ta haɗe layin, in karɓi takardata.

Wallahi na yi tunanin dannawa. Na ce wa kaina wataƙila zazzaɓi ne ya kama ni a gona. Na tuna majalisa, na tuna dariyar Ɗanladi. Har na ce a raina, in ma gaskiya ne, me garin ya taɓa tsinana mini?

Na waiga. Inna ta ɗan ɗaga mini hannu. Bayan azahar za ta hau mota ta koma gida, cikin jan zaren.

Na rubuta umarnin goge komai, na makaranta da na kile. Gona ɗari biyu da sha uku, da ta ƙarshen. Kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata.

Allon ya yi fari.

"Me ka yi?" in ji Mushe.

"Na toshe ramin."

Ya miƙe tsaye yana faɗa, yana buga tebur, yana cewa bai taɓa ganin wulaƙanci irin wannan ba. Inna ba ta jin Faransanci, amma ta ga fuskoki. Ta gyara mayafinta ta fita a hankali, ba ta ko ja kujera ba. Fitar nan tata ta fi cizon yatsan ciwo.

Ban samu lisans a shekarar ba. Da shekara ta zagayo na yi manhajar kantin magani kamar kowa, aka ba ni takardar, ban gayyaci kowa ba. A Madarumfa har yau ana ba da labarin ɗan Kulu da karatu ya taɓa wa kai. Ɗanladi ne ya fi kowa iya ba da shi. Yana kwaikwayon muryata a majalisa, yana zaune daram a kan ƙasar da na ƙi miƙawa. Ina wucewa ina jin su. Ban taɓa tsayawa ba, don in na tsaya ban san abin da zan aikata ba.

Na ɗauka dai an rabu. Amma da kakar shekarar da na goge aikin, Inna ta buɗe ƙofa da safe ta iske damin gero ɗaya a jingine. Da gamba aka ɗaure shi. Zangarniyarsa manya-manya, sai dai sanyi ƙalau, da warin rijiya. Kaji suka ƙi kusantarsa. Na kira Kawu. Ya zagaya shi, bai taɓa ba.

"Na mai gona ne," ya ce. "Wanda ke zaune aro a gonar wani, in kaka ta yi, shina kai ma mai ita dami, gwargwadon girman wurin."

"Kawu, na goge. Komai na goge. Shekarata na bayar."

"Ka goge na cikin na'ura. Abin da ka hwaɗi da bakinka, gaban shaidu biyu, har sau ukku, da mi za ka goge shi?"

Muka je wurin da rana tsaka, ni da Kawu da liman. Na tsaya jikin surin na ce na janye. Iska ce kawai a cikin gambar. Muka kai damin bakin tafki muka ƙone shi.

Shekara ta biyu dami biyu aka kawo. A wannan damina Ɗanladi ya yi ta ƙorafi gamba ta cinye masa kunya shida, ya nome ta fito, ya nome ta fito, har ya haƙura ya bar mata. Bara dami huɗu aka kawo, Kawu kuma ya daina zuwa gonarsa. Na je na auna wurin da ƙafa, ba da salula ba. Taku ɗari da goma, duk ta ɓangaren gari.

Jiya da sassafe Inna ta kira ni a Maraɗi. Ko gaisuwata ba ta amsa ba.

"Shu'aibu, bakwai ne bana," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kuma ba a waje anka aje su ba. Cikin ɗakinka na iske su."